Yadda na gina tulu 55 saboda magana 40, daga ramin yumɓu har ɗakin baje koli a Kano

Tun da muka sauke kayan nan daga Kano mutane ke tare ni da tambaya, musamman yaran da ke karatun zane a kwaleji, wai ta ina na fara, nawa na kashe, wa ya ba ni izini. Na gaji da maimaitawa a waya shi ya sa nace bari in zauna in rubuta shi tiryan-tiryan yadda ya faru, har da wautar da na tafka, don wanda zai biyo baya kada ya zurma inda na zurma.

Ni ɗan wani ƙauye ne a Jigawa, na yi NCE a ɓangaren zane, da aiki ya ƙi samuwa sai na bi 'yan garinmu Fatakwal, na shekara 3 ina rubuta allon shaguna da jikin motoci. A can abin ya samo asali. Wata rana da yamma na yi tagumi a bakin shago, abokin aikina ɗan ƙabilar Ibo ya tambaye ni da buroka me ke damuna, na buɗe baki zan ce kewa nake yi sai na rasa kalmar da zan ba shi. Nace ina tunanin gida ne, yace to ka buga musu waya mana. Wallahi ban san yadda zan yi masa bayani ba, waya ai kullum ina yi, abin da ya dame ni shi ne wata 5 ana ruwa kamar da bakin ƙwarya amma ko mutum ɗaya bai ce min yaya ruwa ba balle in ce ruwa ya yi gyara. Tun ranar na ƙudurta idan na koma gida sai na tara irin waɗannan maganganun da ɗan ci-rani ke rasawa in rubuta su a jikin tulu da randa, da ajami da boko, in jera su wuri ɗaya mutane su shiga tsakaninsu suna karantawa.

Na dawo gida ƙarshen damina, abu na farko da na yi shi ne tara maganganun. Na tura saƙon murya ta WhatsApp ga 'yan garinmu da na ƙauyukan kusa da ke Legas, Fatakwal, Abuja, Warri, da mutum 2 a Saudiyya. Kuskuren farko kenan, tambayar da na yi ba ta yi ba. Nace me ka fi kewa a gida, kowa ya turo min tuwon dawa da miyar kuka, fura da nono, ɗaya yace matarsa. Sati 2 na ɓata a haka. Da na canza nace wace magana ce ba ka ƙara jin an faɗa maka ba tun da ka bar gida, nan fa abu ya buɗe. Wani yace "wa ke sallama?" daga cikin gida, wani yace "tashi ga ɗumame", wani yace "shanun sun dawo?", wani mai sayar da rake a Legas ya yi shiru a cikin saƙon har na zata data ce ta ƙare masa sannan yace "yaron nan", shi ɗan fari ne, mahaifiyarsa ba ta taɓa faɗin sunansa ba, yanzu yana da 'ya'ya 4 amma har gobe yaron nan take ce masa kuma ba ta yarda ta yi magana da shi a waya saboda kunya. Mutum 47 suka amsa, na tace na fitar da magana 40. Kowanne sai da na sake kiransa na tambaye shi ko ya yarda a sa muryarsa a gaban mutane, 6 suka ce a rubuta amma kada a sa murya, na mutunta hakan. Ka nemi wannan yardar tun farko kuma ka ajiye saƙon da ya ce ya yarda, daga baya ya yi min amfani.

Kafin in taɓa ƙasa mahaifina yace in je in ga liman, ni kuma a lokacin gani nake ɓata lokaci ne tunda ba mutum-mutumi zan yi ba. Ashe tsohon ya fi ni hange. Na same shi bayan la'asar a zaure, na durƙusa nace Allah gafarta malam ga abin da nake son yi. Tambayarsa ta farko ita ce akwai siffar mutum ko dabba, nace babu, tulu ne da randa da kasko. Yace to a ina za a ajiye su, nace a ƙasa, a kan yashi. Sai ya gyara zama. Yace ɗana, ajami Hausa ce amma haruffan su ne haruffan da muke rubuta Alƙur'ani da su, mutanenmu idan suka gan su a ƙasa kusa da takalmi ba za su tsaya karanta abin da aka rubuta ba, rigima za ka janyo wa kanka. Ya gindaya min sharaɗi 3, kada a rubuta sunan Allah ko aya a jikin kowanne, kowane tulu a ɗaga shi daga ƙasa ko da kan gammo ne da ɗan benci, sannan wanda ya fashe kada a watsar da tsingaronsa a bola, a daka shi ko a binne. Sharaɗin farkon ya yi min ciwo ba kaɗan ba, domin a cikin maganganun da na zaɓa 9 akwai sunan Allah a ciki, Allah ya kiyaye hanya, Allah ya yi albarka, sai Allah ya kai mu, ka san Bahaushe da ƙyar zai yi jimla 3 bai ambaci Allah ba. Na koma cikin saƙonnin na musanya su da wasu, waɗancan kuma na bar su a murya kawai. Malam da kansa ya rubuta min duka 40 ɗin da ajami a takarda da tawada, gara da aka yi haka, don ni ajamin da na iya na makarantar allo ne kuma kowane malami da yadda yake rubuta wasu haruffan, gara hannu ɗaya ya rubuta duka. Bai karɓi ko sisi ba, goro na kai masa da turare.

Sai maganar yumɓu. Akwai rami a fadamar wani ƙauye kusa da mu inda magina ke ɗiba tun kaka da kakanni, ni a zatona kawai zan tura amalanke a ɗebo. Ranar farko mai gonar da ke gefen ramin ya dawo da yaran hannu rabbana, yace mata masu ɗiba a kwando ya sani, amalanke kuwa sai da izini. Na je wajen mai unguwa, yace wannan ta fi ƙarfinsa sai dagaci. Zuwa 3 na yi gidan dagaci, na farko ya tafi ɗaurin aure, na biyu ya tafi wajen hakimi, na uku na zauna tun hantsi har bayan azahar ana shari'ar gona da makiyaya. Da aka zo kaina na faɗi na yi gaisuwa nace ranka ya daɗe ga buƙatata, ya saurare ni tsaf sannan yace yanzu tulu 40 za ka gina kuma ba wanda za a zuba wa ruwa? Fada ta kwashe da dariya. Amma ya ba da izini, da sharaɗin a ɗiba ta gefen da ba za a ci gonar mutum ba kuma a cike inda aka zurfafa saboda yara da dabbobi idan damina ta zo. Takarda babu, baki ne da shaidu. Gaisuwa da goro gaba ɗaya sun ci 8,000, amalanke 6 a kan 3,500 kowanne, 21,000 kenan. Da na san haka ta hannun maginan zan bi tun farko, su ai ba mai tambayarsu.

Maginiyar da na yi aiki da ita tsohuwa ce, ƙawar kakata, Gwaggo muke ce mata, ta fi shekara 50 tana gini. A kwaleji mun yi darasin yumɓu amma rabinsa a allo ne, injin juya tukunyar ya lalace tun kafin mu shiga, murhun gashin ma hotonsa muka fi gani. Ranar farko na zo da littafina ina mata bayanin tsayi da faɗi da santimita, ta kalle ni tace ɗan nan ajiye takardar ka cire takalmi. Sati guda ban gina komai ba. Shanya yumɓun muka yi ya bushe, aka daka, aka tankaɗe aka fitar da tsakuwa da saiwa, aka jiƙa ya kwana, sannan aka kawo dakakken tsingaron tsofaffin tukwane aka zuba aka shiga takawa da ƙafa. Tsingaron nan shi ne sirrin, shi ke hana yumɓu tsagewa wajen bushewa kuma ya ba shi ƙarfin jure wuta, ita ba ta aunawa, ta murza a yatsa ta ce a ƙara ko ya isa. Ginin kuma a kan kifaffiyar tsohuwar tukunya ake fara shi, a barbaɗa toka don kada ya manne, a shimfiɗa yumɓun a bubbuga har ya ɗauki siffar gindi, idan ya sha iska a cire a juya sannan a ci gaba da ɗora murɗaɗɗen yumɓu har wuya da baki. Ita da jikokinta 2 suke gini, ni nawa rubutu da ɗauko ruwa. Mun yi ciniki 1,500 kowane guda ko ya fashe ko bai fashe ba, kuma gaskiya kuɗin bai kai wahalar ba.

Rubutun nan shi ne inda na fi shan wuya, kuma ba wanda ya taɓa gaya min. Akwai ɗan lokaci ƙanƙani da tulu ke karɓar rubutu, ya sha iska ya yi tauri amma da sauran danshi, kamar fatar da aka jeme. Idan ka yi gaggawa alƙalamin zai nutse bakin harafin ya tattare, idan ka makara ya dinga ɓarewa. Mu kuma a hunturu muke aikin, iskar nan tana busar da abu cikin awa kaɗan, tulun da na bari da hantsi nace sai na dawo daga sallar azahar na tarar ya wuce. Dole muka koma ajiye su cikin ɗaki ana rufawa da jiƙaƙƙen buhu. Da alƙalamin kara na fara, irin na allo, shi ya fi dacewa da ajamin, boko kuma tsinken keke da na fiƙe. Abu na biyu, yumɓu yana tsukewa, daga ɗanye zuwa gasasshe yana rage kusan kashi 1 cikin 10, ga kuma gugar da ake yi da dutse mai santsi da 'ya'yan kuka don ya yi sheƙi, sai ɗige-ɗigen ajamin da wasullan suka toshe. A ajami kuwa ɗigo ɗaya ya ɓace kalma ta koma wata. Haka lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ a boko, ta shafe sai ƙ ta koma k. Gwaggo ba ta karatu ko ɗaya amma ita ta gano maganin, tace a fara guga sannan a yi rubutu, kuma ɗigon a huda shi da zurfi da tsinken tsintsiya.

Gashin farko, ita tuya take ce masa, mun sa guda 15. A fili ake yi bayan gari, a shimfiɗa itace da busasshen kashin shanu, a kifa tulunan a jere, a rufe da tsingaro da kara da ciyawa, da yamma lis idan iska ta kwanta a cinna. Ni na matsa a yi ranar saboda ina ganin lokaci na tafiya, ita tace a ƙara kwana 4, nace ai sun bushe ƙayau. Wuta ba ta yi minti 20 da kamawa ba muka fara jin tas, tas, kamar ana harbi. Kowace ƙara a ƙirjina take sauka. Da safe muka tona, 7 sun tarwatse, har da na "yaron nan" wanda na fi ɓata lokaci a kansa. Gwaggo ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta ɗauki tsingaro ɗaya ta nuna min kaurinsa kawai. Laifina ne ta hanya 2, ni na matsa a gasa da wuri, ni kuma na sa aka yi musu kauri a gefen rubutu don kada alƙalami ya huda, wajen ya bushe amma cikin da sauran ruwa, ruwan kuwa idan ya ji wuta tururi yake zama ya nemi hanya da ƙarfi. Na zauna a gindin wata bishiyar dorawa na kusa yin hawaye, ga kuɗi ga kwanaki.

Daga nan na bar mata ragama. Kauri ya zama ɗaya ko'ina, bushewa sati 2 cur, farko a inuwa sannan a rana, ranar tuya kuma tun safe ake kifa kowane tulu a kan ɗan garwashi ya yi ɗumi hayaƙi ya ratsa shi kafin ya shiga babbar wuta. Na biyu mun sa 20 guda 2 suka fashe, na uku 20 guda 1. Gaba ɗaya an gina 55, 45 suka fito lafiya, wato 40 ɗin da nake nema da ƙarin 5 da na maimaita na maganganun da na fi tsoron rasawa. Wasu tun suna da zafi aka yayyafa musu ruwan makuba, na ɓawon dorawa, suka yi duhu mai sheƙi rubutun ya fito ras, sauran muka bar su jajaye da tabon wuta. Makamashi na tuya 3 ya ci 25,000. Wani malaminmu na kwaleji da ya ga hotuna yace me ya sa ban kai an gasa a murhun zamani ba, irin wanda ke wuce digiri 1,200 a shafa musu ruwan gilashi. Wutar fili ba ta kai nan, tsakanin 600 ne zuwa 900, shi ya sa tulunmu ke tsatsafo da ruwa yana sanyaya shi. Na san tarihin Ladi Kwali da hotonta ke bayan naira 20, ta iya ginin gargajiya na Gwari tun tana yarinya sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani magini Bature, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, inda aka dinga gasa tukwanenta a babbar wuta har suka zaga Turai da Amurka. Aikinta ya yi kyau ba musu, amma ni tulun da mutum ya sha ruwa a cikinsa yana yaro nake so ya gani, da ƙamshin nan na sabon tulu, mai ruwan gilashi ba ya wannan ƙamshin.

Ana cikin haka nake zirga-zirgar neman wuri a Kano. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Zuwan farko aka ce in rubuto takardar neman izini, na koma na kawo ta da hannu aka ce sai an buga, na fita na nemi shagon kwamfuta na dawo an tashi. Zuwa na uku aka ba ni fom, ana son hoton fasfo 2, fotokwafin katin ɗan ƙasa, jerin kayan da za a shigo da su da girman kowanne, hotunan aikin, da bayanin shafi ɗaya da Turanci. Wani a ofishin yace in kawo takardar gabatarwa daga ƙaramar hukumarmu, na kwashe kwana 5 ina sintiri a sakatariya, yau oga baya nan gobe babu wuta a firinta, da na samo na kai musu sai wanda ya karɓi fom ɗin yace wa ya ce ka kawo wannan? Kada ka yi irin tawa, ka sa a rubuta maka jerin abin da ake buƙata a takarda tun zuwan farko kuma ka karɓi lambar wanda ke da alhakin ɗakin, ba ta wanda ka fara tararwa a ƙofa ba. Sun kuma tambayi shaidar cewa masu muryoyin sun yarda, nan saƙonnin da na ajiye suka cece ni. Kuɗin ɗaki na kwana 3 shi ne 50,000, da 20,000 na ajiya ko za a lalata wani abu, ka karɓi rasit na kowanne daban, ni sai da na yi sati 3 kafin na ajiyar ya dawo.

Sharaɗinsu ɗaya shi ne kowane tulu a sa masa 'yar takarda da fassarar Turanci. Nace ai wannan mai sauƙi ne, na zuba su a manhajar fassara ta waya. Ruwa ya yi gyara ta fito kamar ruwa ne ya ɗauki sifana ya gyara wani abu, "ka yi masa kara" ta koma maganar karan dawa, "ina gajiya" ta fito kamar mutum ne ke ƙorafin ya gaji. Na kai wa wani abokina mai koyar da Turanci a sakandaren garinmu, muka kwana 3 muna fama bayan isha da fitilar sola. Shi ya iya aikinsa, amma kullum sai mu tsaya a wuri ɗaya. Gida kaɗai ta ishe mu, ginin ne, iyali ne, garinku ne, ko matarka ce idan aka ce yaya gida. Kewa da bege da marmari duk kalma ɗaya yake ba su, wadda idan ka dawo da ita Hausa sai ta zama ciwon gida, ni kuma ban taɓa jin ciwo ba, wani gurbi dai nake ji. "Yaron nan" kuwa ya fassara shi daidai, kalma 2, muka kalli takardar muka ga ba komai a cikinta, duk kunyar da soyayyar sun zube a hanya, idan kuma ka ce za ka yi bayani sai takardar ta fi tulun girma. A ƙarshe 32 muka fassara, wasu da ɗan ƙarin layi ɗaya, 8 kuma na bar takardarsu fara fat, na sa 'yar ƙaramar sifika mai memori a cikin randar, sai ka sunkuya ka kai kunne bakinta ka ji mai maganar da muryarsa. A kasuwar waya ta Farm Center na saye su, 4,500 kowacce. Randa tana ƙara wa murya wani amo kamar daga rijiya, ban shirya wannan ba, a tsakar gida na gano shi muna gwaji. Mai kula da ɗakin ya so ya ƙi yarda da fararen takardun, yace za a ce aikin bai kammala ba, sai da na kunna masa ɗaya ya saurara sannan yace to a bar su.

Ɗaukar kaya a-kori-kura na yi shata, 70,000 zuwa. Mun shimfiɗa ƙaiƙayi da ciyawa, kowace randa a cikin tsohuwar taya, ƙananan a buhu da ƙaiƙayi a tsakani, ga buhu 10 na yashin rafinmu da zan shimfiɗa a ɗakin. Na roƙi direba nace Malam don Allah a hankali kamar ƙwai ka ɗauko, ya yi ƙoƙari amma ramukan hanyar ƙauye kafin a hau kwalta ba su da tausayi. An tsayar da mu sau 4, kowa sai ya leƙa ya tambayi me ke cikin tulunan, abin dariya takardar sakatariyar nan da aka ce ba a buƙata a nan ta yi aiki, ina miƙa ta ake ɗaga mana hannu. Da muka sauke 4 sun fashe, 3 suna da madadi, ɗaya babu, na "a gaida na gida". Na tsaya ina kallonsa, sai na tuna sharaɗin malam, na tattara tsingaron a kasko na ɗora kan kujera 'yar tsugunno na bar shi cikin jerin a haka. Jerawa ta ci mana yini guda da rabin dare ni da ƙannena 2, yashi a ƙasa, bencina gajeru, gammo na tsumma, hanya a tsakiya mai lanƙwasa kamar lungun ƙauye.

Mutane ba su cika ɗakin ba, kada in yi ƙarya, ranar farko ɗalibai ne da malamansu, ta biyu ta fi. Abin da ya tsaya min shi ne wani dattijo mai gadin wurin, shi ajami kaɗai yake karantawa, irin waɗanda da shi suke gane 200 da 500 da 1,000 a jikin kuɗi, ya bi tulunan ɗaya bayan ɗaya yana karantawa a fili, wasu 'yan mata 'yan jami'a da ba su iya ajami ba suna binsa suna duba bokon su ga ko daidai ne. Ya gyara min guda 2, yace ɗigon ya yi nisa da harafinsa. Da ya zo kan randar "shanun sun dawo?" ya kai kunne, ya daɗe a sunkuye, ya miƙe bai ce komai ba ya koma bakin ƙofa.

Lissafin gaba ɗaya, yumɓu da gaisuwa 29,000, gini 82,500, makamashi 25,000, ɗaki 50,000, mota zuwa da dawowa 125,000, sifiku 36,000, buga takardu 12,000, kuɗin motar zirga-zirga da abinci wajen 30,000, ya kama kusan 390,000. Ragona na sayar, na kwashi adashi, sauran daga rubutun allo. Ko kwabo ba wanda ya tallafa kuma ban nemi tallafin da wuri ba, wannan ma sakacina ne. Idan zan sake, da an gama girbi zan fara don kara ya wadata kuma a gama tuya kafin iskar bazara, wata 4 aƙalla ba wata 3 da na matse kaina a ciki ba. Zan fara gasa 'yan fale-falen gwaji 5 da rubutu a jiki kafin in taɓa tulu ko ɗaya. Zan gina ƙarin kashi 1 cikin 3 a kan abin da nake buƙata. Liman da maginiya su ne farkon waɗanda zan gani, fassara kuma tun ana tara maganganun za a fara ta, don da na san 8 ba za su ƙetara ba da na yi musu manyan randuna tun farko, 3 daga ciki a ƙananan tuluna suke da ƙyar sifikar ta shiga. Kuɗin dawowa ma ka ware shi gefe, ni na manta da shi sai da ƙanina ya ranta min.

Tulunan yanzu suna ɗakin da muke ajiye hatsi, an kifa su a kan katako. Mutum 5 cikin masu maganganun sun ce idan sun zo gida da sallah a ba su nasu, mai rake ya riga ya turo kuɗin mota a kai wa mahaifiyarsa nata, ban san ko an gaya mata abin da aka rubuta a jiki ba. Madadin 2 da suka rage na kai wa Gwaggo, ta ƙwanƙwasa kowanne da yatsa ta saurari ƙararsa, ta ajiye ɗaya a gindin bishiyar tsakar gida ta sa jikarta ta cika shi da ruwa, ɗayan tace wuyansa ya karkace, a kai wa kaji.